Shekarun da Ban Taɓa Makara Ba

Makon jiya na tafi suna Maiyama, na isa an riga an shafa fatiha, an raba goro, mahauci ya gama da rago har yana wanke wuƙa. Wannan ba labari ba ne. Duk wanda ya san ni a Jega ya san in an ce mini ƙarfe bakwai, to a sa rai da ni kafin azahar in Allah ya nufa. Labarin shi ne abin da na gani a hanyar dawowa. Na ce wa mai kabu-kabu ya ratsa da ni ta ƙofar tsohuwar makarantarmu ta kwana, in ga ko katangar da muka sha haurawa tana nan. Tana nan, har an ƙara mata tsawo. A bakin ƙofar kuwa sai ga wata baiwar Allah tana suyar awara, ta ɗora kaskonta bisa wani tsohon wilin mota da ta mayar murhu. Na dube shi, ya dube ni. Tsagewar nan ta gefe na san ta, lotsawar nan ta tsakiya kuwa hannuna ne ya yi ta. Na ce wa mai kabu-kabu ya kashe mashin, na ga wani babban mutum da duniya ta juya wa baya.

Wannan wilin shi ne ƙararrawar makarantarmu. A jikin wata bishiyar dogon yaro yake rataye tsakanin ajujuwa da ɗakin cin abinci, da guntun ƙarfe a gefensa na bugawa. Shi ke tashe mu da asuba, shi ke tura mu wanka, shi ke jera mu a fili ana duba farce da wuyan riga, shi ke kai mu aji, shi ke fito da mu. Ba mu da wani tunani sai nasa. In ka ji bugu ɗaya-ɗaya a hankali, aji ne. In ka ji biyu-biyu, ɗauki kwanonka, gabza ta sauka, wato tuwon nan namu da in ka jefi kare da shi sai an biya diyya. In kuwa ka ji an saki bugu ba tsayawa, to gobara ce ko abin da ya fi ta, ka fito ko da sabulu a ido. Mu ɗaruruwa ne, amma duk kunne ɗaya gare mu. Yaro na cikin mafarkin yana cin kaza a gidan kakarsa, da ƙarfen nan ya yi kuka sai ya tsinci kansa a tsakar fili da tsintsiya a hannu, bai san lokacin da ya sauko daga gado ba.

A shekaru biyu na ƙarshe aka ba ni sarautar bugawa. Taimkifa ake ce wa mai riƙe da ita, kuma ni a ganina daga shugaban makaranta sai ni, shi ma don yana da mota ne. Tare da ƙarfen aka damƙa mini agogon makaranta, wani tsohon agogon hannu da aka ɗaure maɗaurinsa da waya, ana gadonsa daga taimkifa zuwa taimkifa. Kafin zamanina malamai sun sha rigima, kowa na cewa nasa agogon ne daidai, har shugaban makaranta ya gaji ya yanke hukunci a gaban kowa: agogon makaranta shi ne doka, kowane agogo ya bi shi. Allah ya jiƙan mutumin nan, bai san abin da ya ba ni ba. In barci ya ɗan zarce da ni, sai in kama kan agogon in murɗa shi baya, in wanke fuska a natse, in je in buga. Makaranta duka ta tashi a kan lokaci. In darasin lissafi ya yi zafi, in tura shi gaba. In Baba Kuku ya ce mini wake bai nuna ba, in riƙe rana a sama har ya nuna, ya kuwa san yadda yake saka mini, domin ƙasan tukunya nawa ne. Malamin lissafi ya taɓa tare ni yana huci, ya ce darasinsa na minti arba'in ya ƙare kafin ya gama share allo. Na nuna masa agogo cikin ladabi. Ya dubi nasa, ya girgiza shi, ya kara a kunne, washegari ya kai shi gyara Jega.

Shekara biyu cur ban makara ba ko sau ɗaya. Ta yaya zan makara? Sai na iso lokaci ke yi.

Da takardar samun gurbi a babbar makarantar nan ta Aliero ta zo, mahaifina yana fadama a Fagada, ya duƙa cikin fangalin albasa, taɓo har gwiwa. Na karanta masa. Bai ɗago ba sai da ya gama layin da yake dasawa.

"To, madalla," ya ce. "Amma ji nan. Ni ban san zuwa biyu ba. In ka faɗi jarrabawa sau guda, ka kwaso tabarmarka ka zaka. Ka ga wagga albasa? Ba ta korar kowa. Ga ƙwarya can tana jiranka."

Wanda bai taɓa ban ruwan albasa ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Aiki ne da ake fara shi kafin kaji su sauko, a gama shi bayan baya ya daina miƙewa. Ƙafarka cikin ruwan sanyi, kanka cikin rana, idonka na hawaye ba wanda ya mutu. Yayyena biyu suna ciki, tun suna da ƙuruciya suke tafiya a duƙe kamar masu neman allura. Na sha alwashi a zuciyata ko za a kashe ni da karatu, ni da ƙwaryar nan sai dai gaisuwa daga nesa.

Sai dai ba wanda ya gaya mini cewa babbar makaranta wata duniya ce. A sakandare ba a barinka ka yi numfashi sai an duba ko ka yi shi daidai. A can kuwa ko ka mutu a ɗaki, sai wari ya dami maƙwabta za a tambaya. Ranar farko na goge riga, na cusa ta cikin wando, na fita neman inda ake jeruwa da safe. Na zaga makaranta sau biyu, ban ga layi ba sai na masu sayen ƙosai. Da rana na ɗauki kwanona na tambayi wani ina ɗakin cin abinci, ya nuna mini rumfar wata mata, na miƙa kwano na yi shiru kamar yadda aka koya mana, ita ma ta miƙo hannu ta yi shiru. Muka daɗe a haka. Na ga wani mai gemu har ƙirji yana tahowa, na yi maza na rusuna na karɓi jakarsa, a zatona babban siniya ne, ashe ajinmu ɗaya, shi ma sabon shiga ne, 'ya'yansa uku. Bai hana ni ba, har ɗaki na kai masa. Da malami ya shigo lakca ta farko na miƙe tsaye na rangaɗa gaisuwa da iyakar muryata, ni kaɗai, cikin ɗaki cike da mutane kamar Jega ranar kasuwa. Ranar da zan je gida kuwa na tsaya wurin mai gadi ina neman wanda zai sa mini hannu a takardar fita. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, in ka so ka wuce Makka daga nan. Wa ya riƙe ka?"

Duk waɗannan na shanye su. Abin da ya kusa kai ni fadama shi ne Dakta.

Dakta shi ke koya mana ilimin ƙasar noma, Litinin da Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Siririn mutum ne, ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Takwas na cika zai tura ƙofa ya murɗa makulli ya jefa a aljihu. Dokarsa ɗaya ce: wanda ƙofa ta rufe yana waje har sau uku, ba zai zauna jarrabawarsa ba. Ni kuwa ina da agogo nawa na kaina, sabo, kawuna ya ba ni. Amma hannun da ya saba ba ya tambayar mai shi. Ranar Litinin ta farko da barci ya zarce da ni, ina buɗe ido na ga takwas ta gota, kafin in yi salati yatsuna sun riga sun murɗa shi baya. Hankalina ya kwanta. Na yi wanka, na sha kunu, na tafi ina taku kamar hakimi. Na iske ƙofa a rufe. Na ƙwanƙwasa, Dakta ya leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure," na ce, na ɗaga masa hannu. "Takwas saura biyar."

Ya dubi agogona, ya dubi nasa. Na tsaya ina jira ya girgiza shi ya kara a kunne. Bai girgiza ba. Ya ce, "Ɗaya," ya rufe taga.

Bayan mako biyu ya ce, "Biyu."

Daga ranar ƙamshin albasa ya fara bina. In na wuce kasuwar Aliero na ga buhuna jibge, sai in ga kamar sun san ni. Na zauna na yi tunani mai zurfi, irin wanda ban taɓa yi a darasin lissafi ba, na gano inda matsalar take. Ba ni ne ke da laifi ba. Makaranta ce babba, ga gine-gine, ga daktoci, amma an manta ba a sa mata ƙararrawa ba. Kowa na bin agogonsa, abin da shugabanmu ya hana tun tuni. In aka samu ƙarfe guda da kowa zai bi, kuma aka samu gogaggen mutum ya riƙe shi, an gama.

Na faɗa wa abokina Ɗan Alelu, wanda muka yi sakandare tare muka kuma faɗo ɗaki ɗaya. Yana cin rogo, ya ajiye.

"Taimkifa, mi ka damunka? Nan ba Maiyama ba ta. Ka kwanta da wuri ka tashi da wuri, shi ke nan."

"Kai ba ka san sha'anin mulki ba," na ce masa.

"Na san shi. Shekara biyu ina shan bulalar makara, kai kana kwana. Wallahi ba ruwana."

Ranar Asabar na tafi Jega wurin kawuna mai faci a tasha, na ce ina son tsohon wili don aikin makaranta. Jin an ce aikin makaranta ya zaɓo mini na babbar mota. Aka ɗora mini shi bisa lodin albasa zuwa Aliero, ni ina zaune a kai. Ranar Lahadi da la'asar Ɗan Alelu, mai cewa ba ruwansa, shi ya hau bishiyar bayan ɗakunan kwananmu ya ɗaura igiya, yana ɗaurawa yana tsine mini.

Litinin na tashi da wuri, don zumuɗi ya hana ni komawa barci bayan sallah. Bakwai da rabi na tsaya gaban wilin da ƙarfe a hannu. Niyyata bugu ɗaya-ɗaya, na aji. Amma wata huɗu hannuna na ƙaiƙayi. Da na sauke na farko na ji muryar nan ta ratsa ni har tafin ƙafa, ban san sadda na saki hannu ba. Na yi ta zuba masa ba tsayawa.

Abin da na manta shi ne, rabin mutanen da ke ɗakunan nan 'yan makarantar kwana ne, daga wurare daban-daban, kuma duk inda aka rataya wili ma'anar wannan bugun ɗaya ce. Jama'a, ban taɓa ganin fitowa irin ta ranar ba. Ƙofofi suka buɗe lokaci guda. Wani da kumfa a kai, wani da bokiti, wani ya rungumo katifa, wani ya fito da tukunyar wake tana tafasa. Mai gemun nan da na ɗaukar wa jaka ya fito yana kiran sunan matarsa, alhali tana ƙauye. Wasu ko tambaya ba su yi ba, suka ja layi a fili, gajeru a gaba dogaye a baya, suna miƙa farce. Wani ɗalibi ɗan garin Danwarai ya diro ta taga, ƙafarsa ta gurɗe. Allah ya taimake shi a Aliero abin ya faru, garin masu ɗori, kafin ya gama ihu an san gidan da za a kai shi.

Da aka duba babu wuta babu hayaƙi, sai ido ya dawo kaina, ga ni tsaye da ƙarfe a hannu ina murmushi. Masu gadi biyu suka iso a guje. Suka kwance wilin, suka ce in ɗauka, suka sa ni gaba har ofishinsu. Sauran jama'a kuwa, tunda an riga an tashi kuma barci ba zai komu ba, sai kowa ya sa riga ya tafi lakca.

Aka zaunar da ni a benci. A bangon ofishin akwai wani agogo, can sama kusa da rufi. Takwas saura kwata. Na roƙi shugaban masu gadi ya bar ni in je in dawo, na rantse masa da duk abin da na sani. Ya ce in bari ya nemo biro tukuna. Ina zaune ina kallon dogon hannun nan yana hawa. Tunda nake ban taɓa zama na kalli agogon da hannuna ba ya kaiwa gare shi ba. Ba ya sauri, ba ya jinkiri, bai san ni ba. Da ya hau kan sha biyu, wallahi har sanyin ruwan fadama na ji a ƙafata.

Wajen ƙarfe goma sai ga Dakta da kansa. Ashe ya shiga aji ya iske shi maƙil, har ana zama a taga, abin da bai taɓa gani ba tun da ya fara koyarwa. Ya tambayi dalili aka ba shi labari. Ya tsaya ya dubi wilin, ya dube ni.

"Kai ne mai ƙarfen?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Sau nawa ka makara?"

"Biyu."

"Da na yau fa?"

"Yau ba makara na yi ba, ranka ya daɗe. Kama ni anka yi."

Shugaban masu gadi ya ce ai wannan sai an kai shi gaban kwamiti, ya tada hankalin makaranta, ya karya ɗan mutane. Dakta ya ce a ba shi minti ɗaya. Ya ce in miƙo hannu. Ya duba agogona: takwas saura biyar. Ina zaune a bencin nan, ina kallon na bango, yatsuna suna ta aikinsu ban sani ba. A nan ne na ga haƙoran Dakta karo na farko. Ya tambaye ni, na kwashe labarin sarautata duka na faɗa masa, har da malamin lissafi. Ya kwance agogon, ya daidaita shi da nasa, ya ari filaya wurin mai gadin da ke da keke, ya kama kan da ake murɗawa ya fizge shi. Ya mayar mini da agogo, ya jefa kan a aljihu. Sannan ya ciro makullin aji ya ajiye a tafina.

"Na yau na ajiye shi, ban yafe ba. Tunda sarauta kake so, ga ta. Kai za ka buɗe ƙofa bakwai da rabi, kai za ka rufe ta takwas. In ka makara, aji duka na waje, har ni. Ba zan ce maka komai ba. Su za ka yi wa bayani."

Na tuna fuskar mai gemu, na tuna masu bokiti. Na ce na karɓa.

Kwamiti bai zauna ba, amma an yanke mini ɗibar wa ɗan Danwarai ruwa da kai shi aji a baya har ƙafarsa ta warke, kuma yaron nan na lura bai yi gaggawar warkewa ba. Wilin kuwa masu gadi suka riƙe. Zangon nan duka ban san barcin safe ba. Tun assalatu nake zaune da makulli a hannu, ba mai tashina, ba mai duba ni, tsoro kawai. Wata Alhamis ina tura ƙofa na hango Ɗan Alelu ya taho a guje, takalmi a hannu. Takwas ta cika. Na murɗa makulli. Ya manna fuska a taga.

"Haba Taimkifa! Ni na hau maka icce! Murɗa muna baya kaɗan mana!"

Na ɗaga masa agogon, na nuna masa ramin da kan yake a da. Dakta daga bayana ya ce, "Ɗaya." Kwana uku Ɗan Alelu bai ba ni rogo ba.

Na zauna jarrabawa, na ci, na gama makaranta. Aka ɗauke ni malamin gona, aka tura ni wurin manoman albasa, cikinsu har da na Fagada. Ranar da na fara zuwa da littafi a hannu, taɓo har gwiwa, ina yi wa mutane bayanin tazarar dashe, mahaifina ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Duk wagga wahala da ka sha, ashe hanya ce mai nisa ka biyo zuwa nan." Amma ƙwarya dai ban ɗauka ba, a rubuta wannan.

Yaran yanzu kowa da waya, ta yi kuka sau biyar ya danne ta sau biyar. 'Yata da ke babbar makaranta ta ce in malami ya fasa zuwa, saƙo yake turowa tun suna kwance. Ban ce nasu ya fi ba, ban ce namu ya fi ba. Na dai san an yi wani zamani da ƙarfe guda ke tada gari, kuma na san mutumin da ke riƙe da shi.

Shi ya sa na durƙusa gaban murhun matar nan a Maiyama, da babbar rigata ta zuwa suna.

"Baiwar Allah, ina kinka samo wanga murhu?"

"Bayan kicin na tsince shi, Alhaji. Yanzu ƙararrawar lantarki gare su. In ba wuta, malami ya fito ya yi ihu."

Na roƙe ta aron matsaminta. Ta ba ni tana kallona kamar wanda ya kamata a kira danginsa. Na gyara tsayuwa, na ja hannun riga, na sauke masa guda ɗaya a daidai lotsawar nan tawa. Ya ce ƙwas, kamar tarin tsoho. Wuta ta cinye muryar. Toka ta tashi, mai ya fantsama, ko akuyar da ke kwance gefe ba ta ɗago kai ba.

Matar ta karɓe matsaminta ta goge a zane.

"Alhaji, in yara kaka kira, ka makara. An tashi tun ɗazu."

Na ji yatsuna sun kai wuyan hannuna suna lalube. Na mayar da su aljihu, na ce ta zuba mini awara, ta sa yaji da yawa.